Mai Cajin Motocin Asibiti

Gaban rigarsa duk ƙananan huji ne, irin waɗanda ruwan batir ke yi wa yadi. Ni kaɗai na lura, don na kasa kallon fuskarsa.

Dattijo ne siriri. A wata rumfa, shi ke cajin 'yan motocin lantarkin da ke ɗauko marasa lafiya daga bakin ƙofar asibiti. Yau ɗaya ta mace a hanya, da wata tsohuwa a ciki, ga manaja tsaye a kansa.

"Baba, in aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa. Daga wannan ba sauran kashedi."

"Ranka ya daɗe, da hannuna na jona ta."

Gaskiyarsa ce. Ni na zare filogin jiya da la'asar, na jona kwamfutata, na tafi ban mayar ba. Wa ya san bakin mutum nawa ke ci daga rumfar nan? Amma sai na ƙara rungume jakar kwamfutata.

Manaja na wucewa, ya ɗago ya dube ni.

"'Yata, in caji kike so, wancan soket ɗin ba kowa a kai."

Sai ya durƙusa, yana buɗe murafan batirin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗura musu ruwa a hankali.