Ranar da Bafaranshe Ya Sa Na Kira Sunan Ɗan Fari

A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Da wannan kunyar na biyo maigida Alƙahira, inda yake karatu. A unguwar Ainu Shams na haihu, babu kakar da za ta karɓi yaron, ni ce wanka ni ce goyo, amma har ya shekara uku "kai" nake ce masa. Fargaba kuwa ba a magana. Ya yi tari in kasa cin abinci, ya doshi baranda gabana ya faɗi.

Maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan mai shara a wani ofis a unguwar Mohandessin, ita ta faɗo min ɗaki tana haki. Wai wani tsohon Bafaranshe mai shirya fim yana neman ƙaramin yaro da uwarsa. Maigida ya ce in dai da hijabina, tamam. Ranar na mulke yaron da mai har yana ƙyalli kamar ƙosai.

A bakin tashar metro, jirgin ƙasa na cikin gari, muka same su. Tsohon siriri ne, kai fari fat, ga gyale a wuya cikin wannan zafin. Wani ɗalibi ɗan Nijar ke masa tafinta. Shi ya gaya mana tsohon da kansa yake rubuta labaransa tun yana saurayi, kuma duk a tasha suke ƙarewa: soja ya dawo, mata ta ja akwati ta tafi. Wai har yau ana nuna na ƙuruciyarsa.

Na ce, "To shi ba shi da gida ne?"

Ɗalibin ya yi dariya, ya ce, "Matar Malam, aikinki kaɗan ne. Yaro zai tsaya can, ki kira sunansa, ya rugo, ki ɗaga shi ki sumbace shi."

"Malam, ɗan fari ne fa!"

Ya dafe kai, ya juya ya yi wa tsohon dogon bayani. Tsohon ya ɗaga gira, ya kalle ni, ya ce ma'alish, wato ba komai, ba dole. Yaron dai ya yi masa, sai maƙwabciyata ta fito a uwar.

Kafin ya rufe baki ta gyara mayafi. "Yalla, ba ni ɗana. Faransa kaf za ta ce da ni yake kama."

"Da wannan hancin naki, Yaya?"

Dariya nake, amma ban daɗe ina yi ba. Na hango ɗaki cike da Turawa, ga ɗana a bango a hannun wata, kuma fim ba ya mutuwa. Wata rana ya girma ya gani, ya tambaye ni ina nake.

Na ce a matsa min.

Da na buɗe baki, muryar da ta fito kamar ta ɗan akuya. Yaron ya waiga baya, yana neman mai kiransa. Na sake kira da ƙarfi. Sai ga shi a guje, takalmi ɗaya ya cire. Na sure shi, na manna bakina a kumatunsa.

Ya tsura min ido. "Umma, me na yi?"

Wurin ya ɗauki dariya, har mai sayar da ful, dafaffen waken Masar. Tsohon ya ce a sake, mota ta gifta. Muka sake. Wani ya yi tari, muka sake. Ni kam kaina ya fara juyawa, ina ta ƙyalƙyala kamar yarinya a lilo, sunan nan yana min zaƙi a baki.

Da tsohon ya tafa hannu ya ce khalas, an gama, na matsa kusa da ɗalibin.

"Gaya masa hijabina ya karkace. A sake."

Maƙwabciyata ta riƙe baki. "Ke 'yar nan, ina kunyar?"

"Aiki ne, Yaya."

Tsohon ya dubi hijabin nan da ke zaune daram, ya dube ni. Sai ya kama hannun yaron da kansa, ya mayar da shi inda zai tsaya.