Notin da Kawu Ke Murɗawa

Jiya jikata ta aiko mini saƙon murya ta waya, sai ƙaurin dalma ya dawo mini hanci. Na tuna Kawu, mai gyaran rediyo a kasuwar Isa.

Shekarar da aka yi fari, maigidana yana ci-rani a Kurmi, rumbunmu ya ƙare. Ni kuwa ban san ko bihim ba, sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na tafi rumfar Kawu in ɗauki magana a kaset in aika wa maigida. Da ya kunna ta a lasifikar da ya haɗa da hannunsa cikin tsohuwar garwa, muryata ta fito tana rawa.

Na ce, "Kawu, goge! Ba za ni yarda shi ɗauka kuka nike ba. Faɗa na zo yi."

Ya yi dariya, ya buɗe cikin rakoda, yana murɗa wani ɗan noti a hankali. "Ɗiyata, kaset gona ce. Sai wutar lantarki ta ɗan jiƙa ta take karɓar iri. In ta yi yawa, iri shi ruɓe."

Muka sake. Murya ta fito da kaifinta. Na aika masa da kaset. Kafin wata ya mutu, maigida ya iso garinmu Tsamaye da buhun garin rogo, yana cewa, "Na ji, a sassauta mini."

Allah ya yayyafa wa makwancinka ruwan rahama, Kawu.