Ranar da Mma ta dawo daga Makka

Eriya biyu gare ni a gidan hayarmu na Maamobi. Ɗaya doguwar waya ce da na ja daga tagar ɗakina zuwa bishiyar mangwaron maƙwabta, da ita nake kama tashoshin Hausa a gajeren zango. Ɗayar gajeriya ce, tsayayya, na ɗaure ta a kan gora sama da kwanon gida, don jin matuƙan jirgi suna magana da hasumiyar filin jirgin da ke kusa da mu. Doguwar ba ta jin jirage da kyau, sai da na sha wahala kafin na gane kowane zango da eriyarsa.

Ranar da na kafa gorar, mai gidan, wani dattijo da ya yi aikin ɗan sanda, ya tsaya yana kallonta.

"Yaro, aradu kake kira mana?"

Na nuna masa rodin da na kafa a ƙasa mai danshi bayan makewayi, da wayar tagulla mai kauri da ta sauko kansa. Bai gamsu ba sai da na yi masa alkawari cewa da zarar hadari ya haɗu zan zare wayoyin daga rediyo, in fitar da su waje.

A daminar nan ne mahaifiyata, da muke kira Mma, ta je aikin Hajji. Ranar dawowarta gida ya cika tun safe. 'Yan uwa sun zo daga unguwannin Madina da Nima, mata suna dafa shinkafa da wake, ƙannena sun sha farare. Yayata ta ce mu kama hanyar filin jirgi.

"Ina za ku je ku yi ta tsayuwa a rana?" na ce. "Jirgin alhazai ba ya zuwa kan lokaci. Ku zauna. Da na ji matuƙin ya nemi izinin sauka, sai mu tashi. Kafin su karɓi kaya mun isa."

Gaskiya so nake su ga amfanin abin da suke yi mini dariya a kai. Na fito da rediyon bakin ƙofa, mutane suka kewaye ni. Duk muryar da ta fito sai kawuna ya ce, "Su ne?" In ce a'a, wannan jirgin kaya ne, wancan na Kumasi.

Bayan azahar sama ta yi baƙi daga gabas. Walƙiya ta fara. Mai gida ya ɗaga ido ya kalli gorar, ya kalle ni. Na tashi na zare wayoyin. Na ja 'yar eriyar jikin rediyon, amma a tsakanin kwanonin Maamobi ba abin da take kamawa sai shuu. Muka kira wayar Mma, a kashe.

"Ai ba jirgin da zai sauka cikin wannan ruwa," na ce da su. Ban san haka ba, faɗa kawai na yi.

Ruwa ya tsagaita dab da la'asar. Ina durƙushe ina mayar da wayar eriya sai na ji guɗa a lungu. Mma ce ta shigo, mayafinta a jiƙe, takalmanta a hannu saboda kwata ta cika ta malalo. Ɗan wata hajiya da suka zo tare ne ya sauke ta a bakin titi, ya biyo ta da akwati a ka. Ashe jirginsu ya shigo daidai lokacin da na zare wayar, kafin ruwan ya kece. A filin jirgi ta tsaya tana duban kowa ana rungumar nasa, ita ba kowa.

Mata suka rufe ta. Ni na kasa tashi. Yayata ta harare ni, kawuna ya juya baya.

Da aka shimfiɗa mata tabarma na je na tsuguna gabanta, kaina a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mma."

"Yauwa, ɗana. Na yi ta dubawa ko zan ga dogon wuyanka."

Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta zuba zamzam a ɗan kofi ta fara miƙo mini kafin kowa. Na sha da ƙyar. Da baƙi suka fara cin abinci na sulale ɗaki, ban ƙara fitowa ba sai da aka kira magariba.