Ranar da Baba ya riƙe sitiyarin jirgina

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aiki a ofishin wani garejin manyan motoci a unguwar Bassa, na faɗa cikin wata harka da har yau abokaina ke yi mini dariya a kanta. Na shiga ƙungiyar masu tuƙa jirgin ruwa a intanet. Wata duniya ce ta cikin kwamfuta, da tekunta da tsibiranta da iskarta. Kowa yana ɗakinsa a ƙasarsa, amma ga ku a bakin ruwa ɗaya. Jiragen ba su da inji, babban ƙyalle ne a jikin doguwar sanda, iska ke tura su. Ni da ko gadar kogin Wouri za mu haye a tasi sai na kau da kai daga taga, ni ne har aka naɗa cikin masu tarbar baƙi.

Al'adar ƙungiyar ita ce, duk ranar Lahadi sabon shiga ne ke riƙe sitiyari, mai tarbarsa ya riƙe igiyar ƙyalle. Ko kan dutse zai kai ku, ba ka karɓe masa. A haka ake zagaya wani tsibiri a dawo, ana 'yar tsere.

A shekarar ne mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun kafin a haife ni yake sayar da albasa buhu-buhu a kasuwar Sandaga, in ya yi magana daga can ƙarshen layi ake jin muryarsa. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ta ce harshen da hannun za su iya dawowa in yana motsa su. Baba ya ƙi. Ya juya fuska ga bango a ɗakinsa na gidanmu a unguwar New Bell, abokan kasuwa su zo dubiya ya rufe ido kamar mai barci. Tsoronmu shi ne zai tafi a haka, bai sake ce mana komai ba.

Wata Lahadi bayan la'asar mahaifiyata za ta je suna, ta ce, "Zauna da babanka, kada ka bar shi shi kaɗai."

Gaskiya ba don Allah na zauna ba. Ranar tarbata ce, saboda haka na shigo da kwamfuta na zauna a bakin gadonsa. Baƙon da aka ba ni bai zo ba, sai na fita da jirgin ni kaɗai ina jira. Ruwan sama yana dukan kwano, ƙarar teku kuma tana fita daga kwamfutar.

"Sassauta."

Na waiwaya. Baba ya juyo, idonsa a kan allon.

"Baba, magana ka yi?"

"Igiyar," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar. "Ka shaƙe ƙyallen. Jirgi ba ya numfashi."

Na sassauta. Jirgin ya ɗan kwanta gefe, ya yi gaba da gudun da ban taɓa gani ba. Nan take na yi masa rajista, na rubuta wa 'yan ƙungiya cewa baƙona na yau mahaifina ne. Na jingina shi da matashi, na ɗora yatsun hannunsa na hagu a kan maɓallai biyu na sitiyari. Sai na fara yi masa bayani irin na masu sani, ina nuna masa lambobin da ke faɗin ƙarfin iska a gefen allo.

"Bar wannan lissafin," ya ce. "Dubi ruwa."

Ya nuna mini inda ruwan ya yi duhu-duhu yana ɗan motsi, ya ce nan iska ke tahowa. Na daɗe a duniyar nan ban taɓa lura waɗanda suka zana ta sun sa wannan ba. Tun kafin lambobin su motsa Baba ya karkata jirgi ya tarbi iskar. Ɗaya bayan ɗaya muka wuce mutanen da nake ɗauka gwanaye ne. Na rasa abin kallo tsakanin allon da fuskarsa.

Muna zagayo tsibirin sai ga wani jirgi a tsaye, hancinsa cikin iska, ƙyallensa yana ta kaɗawa. Wata sabuwar shiga ce, mai tarbarta intanet ɗinsa ya yanke ya bar ta ita kaɗai. Baba ya juya sitiyari ya nufe ta.

"Baba, mu ne fa a gaba."

"Ba a wuce jirgin da ya tsaya. Tambaye ta, ça va, lafiya?"

Na rubuta. Ta amsa da Faransanci cewa ta rasa yadda za ta yi, har tana shirin kashe kwamfutarta ta haƙura. Baba yana faɗa ina rubutawa: ta saki igiya gaba ɗaya, ta danne sitiyari gefe guda, ta jira. Hancin jirginta ya zame a hankali, ƙyallen ya cika. Muka rako ta har gaɓa, mu ne na ƙarshe.

Na ce, "Baba, a ina ka san wannan?"

"Tafkin Chadi. Da buhuna muke ɗinka ƙyalle. Ruwa ya janye daga garinmu, na biyo motar albasa."

Muna cikin haka mahaifiyata ta dawo. Ta tsaya a ƙofa, mayafinta a jiƙe, ta kasa shigowa.

"Malam, kai ne ke magana?"

"To wa kike tsammani? Akwai saura a tukunya?"

Ranar ya ci tuwo da hannunsa. Kafin na fita ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi Lahadi mai zuwa. Hannun dama bai dawo duka ba, amma harshen ya dawo, har muka koma roƙonsa ya rage faɗa. 'Yan ƙungiya kuma suka ɗauki maganarsa ta cewa ba a wuce jirgin da ya tsaya, yanzu ita ake fara gaya wa duk sabon shiga.

Har yau in na tuna sai mamaki ya kama ni. Wani da ban sani ba ya zauna a wata ƙasa ya zana ruwa, ruwan ya zo har New Bell ya tashi mahaifina. Na girma ina jin warin albasa a rigarsa, ban san akwai tafki guda a cikin kansa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, watanni yana kwance a ɗakin nan, kullum sai na leƙa na ce sannu Baba, na wuce.