Ranar da Gwaggo ta tuɓe takalmi a Bakolori

Muna tsaye bisa dam ɗin Bakolori, ina ta zuba wa Gwaggo, ƙanwar babana, bayani kamar ni na gina shi. Lokacin bai daɗe da cika ba, kowa zuwa kallo yake. Daga kasuwar Talata Mafara na lallaɓo ta.

Sai na ga ta tuɓe takalmanta, ta ɗan rusuna.

Na ce, "Gwaggo, ƙasa da zafi fa. Nan ba masallaci ba ne."

Ta nuna ruwan da haɓa. "Gidan surukaina na can ƙarƙashi. Ban taɓa wuce ƙofarsu da takalmi ba, ba yau zan fara ba."

Na haɗiye sauran bayanina, na tuɓe nawa.

Ku masu zuwa ɗaukar hoto, kun san ƙofar wa kuke tsayawa?