Ɓerayen da Baba Bamalli ya ƙi bari da ruwa

A Kurmin Sarki, in za a raba naman suna, Baba Bamalli ake kira. Mutum ne da ba ya iya ganin an ba wani an bar wani yana kallo. Na sha ganinsa ya sake yanka tsokar da ya riga ya ajiye, don kawai kason wata bazawara ya ɗan gaza. Mu maƙwabtansa har tsokanarsa muke, mu ce ko kaji ya watsa wa tsaba sai ya tsaya ya tabbatar kowace ta samu.

Shekara da shekaru yana kiwon zomaye a bayan gida. Wannan ne ya sa Muhsina, 'yar ƙanwarsa mai karatun digiri na biyu, ta sama masa aikin kula da fararen ɓeraye a wata cibiyar bincike a Abuja. Kullum da sassafe yakan bi motar ma'aikata, da hularsa a karkace.

Binciken nata a kan ciwon zaizayar ƙashi ne, wanda ke sa tsohuwa ta ɗan zame ta karye a ƙugu. Akwai wani ganye da tsofaffin garin Izom ke dafawa su sha, shi take son ta gane ko da gaske yana ƙarfafa ƙashi. An yi wa ɓerayen mata aiki don ƙashinsu ya yi rauni irin na tsofaffi, aka raba su gida biyu. Na kejin dama a ɗura musu ruwan ganyen da sirinji, na hagu a ba su ruwa zalla. A ƙarshe a gwada ƙasusuwan, a ga bambanci. Digirinta kacokan a kan wannan bambancin ya rataya.

Ta koya wa Baba ɗurar, hannunsa kuwa ya fi nata taushi. Ta lura ruwan ganyen na saurin ƙarewa, amma ta ɗauka zubarwa yake, kuma kunya ta hana ta yi wa kawunta faɗa.

Bayan watanni aka kashe ɓerayen, aka auna ƙasusuwan. Dama da hagu duk ɗaya, ko kaɗan babu bambanci.

Ina zauren gidansa ranar da ta zo gaishe shi, idanunta jawur. Ta ce, "Kawu, wahalar banza muka sha. Ganyen ba ya komai. Waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, ƙashinsu iri ɗaya."

Baba ya yi murmushi, wallahi har da gyara zama. "Ai dole su zama ɗaya, 'yata. Duka suka sha."

Muhsina ta ce, "Duka wa?"

"Duka mana. Ciwo ɗaya aka sa musu. Ina ɗura wa waɗannan magani, waɗancan su miƙe a jikin waya suna kallona? Haba! Ai in na gama da na dama sai in bi na hagu."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa, da kayan aikinta da komai. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi masa bayani cewa na hagun su ne ma'auni, in babu su babu abin da za a gwada da shi. Ga ɓerayen an riga an kashe, ga lokacin da makaranta ta ba ta ya ƙare.

Na ga murmushin ya bar fuskar dattijon. Ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "To yanzu maganin yana yi ko ba ya yi?"

Ta ce, "Ban sani ba, Kawu. Da ka bar su da ruwansu, da yau mun sani."