Jijiyar Wuyan Malam Inuwa Mai Zane

A Ƙofar Doka, idan ka ce kana neman Malam Inuwa, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce mai zane, har bakin zaurensa za a raka ka. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana shimfiɗa shadda a kan katako, yana fitar da zanen ado irin su aska biyu da aska takwas da alƙalamin kara, masu ɗinkin hannu su ɗauka su bi da zare. A wurin kawunsa ya koya, kuma ba ya awo da komai sai ido da ɗan yatsa. Mutum ne mai raha. Aibinsa guda, sigari, wanda yake sha a ɓoye, irin ɓoyon da duk unguwa ta sani.

Wata Laraba da hantsi ƙanwarsa Huseina, wadda ke ɗinkin riguna, ta zo karɓar aiki. Tana zaune yana ƙarasa zanen aljihu, sai alƙalami ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai ce ta miƙo masa, harshe ya harɗe. Bayan kamar minti biyar abin ya sake shi.

"Yunwa ce," in ji shi. "Ban karya ba."

"Yaya, yunwa ba ta karkatar da baki. Yau ne farko?"

Sai ya faɗi gaskiya. Sau biyu a watan jiya idonsa na hagu ya yi duhu kamar an saki labule, ya kuma washe da kansa. Huseina ta yi jinyar mahaifiyarsu shekara uku a kan shanyewar ɓarin jiki, don haka ba ta tsaya jayayya ba. Ta ninke rigar, ta fita ta tare Keke Napep.

A asibiti aka haɗa su da wata likita, Dakta Su'ad. Ta sa aka shafa masa wani mai sanyi a wuya aka duba da na'ura, daga baya aka tura shi cikin wata doguwar na'ura mai ƙara, aka ɗauki hoto. Da sakamako ya fito, ta fara bayani, sai ya katse ta.

"Likita, zana mini. Ni da zane nake ganewa."

Ta ja layi biyu a takarda. "Baba, wannan ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gefen wuyanka na hagu. Kitse ya daɗe yana taruwa a jikin bangonta har ya zama tudu. Mutane da yawa suna da shi, yana kwance shekaru. Naka kuwa, wasu ƙananan jijiyoyi sun tsiro a cikin tudun, suka fashe, jini ya zuba a ciki. Idan haka ta faru, tudun yakan yi saurin girma, samansa ya tsage, ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini. Wanda ya je ido shi ya kawo duhu. Wanda ya je ƙwaƙwalwa shi ya kayar da alƙalami."

Malam Inuwa ya daɗe yana kallon takardar. "Zanenki ba kyau," ya ce, "amma na gane."

Da ta ambaci tiyata, ya dafe wuya. "Nan fa? Inda ake sa wa rago wuƙa?" Dariya ya yi. Likitar ba ta ɓoye masa cewa aikin yana da haɗarinsa ba, sai dai jira ya fi haɗari. Ya nemi kwana biyu, ya yi istihara, ya dawo ya sa hannu.

Aka buɗe jijiyar aka ƙwaƙule tudun. Ya yi makonni muryarsa a dishe, har Huseina ta ce unguwa ta samu hutu. Jijiyar gefen dama ma tana da kitse, amma babu jini a ciki, sai aka bar ta a kan magani: na hawan jini, na rage kitse, da na hana jini daskarewa. Rabuwa da sigari ta fi tiyatar ba shi wuya. Sau biyu yana komawa kafin ya bari gaba ɗaya.

Yanzu bayan sallar asuba yakan taka har Ƙofar Gayan ya dawo. Riga uku yake zanawa a yini, da can kuwa biyar. A dubawar da aka yi masa wata shida da suka wuce, an ce tudun dama bai ƙaru ba.

Wata sabuwar ɗabi'a ta same shi: duk sa'ansa da ya shigo zaure sai ya sha tambaya. Kwanan baya Tanko mahauci ya kawo shadda, ya ambata a cikin hira cewa hannunsa yakan mutu na ɗan lokaci ya dawo. Malam Inuwa ya ajiye alƙalami, ya jawo takalmansa.

"Tashi mu je asibiti. Rigar ba za ta gudu ba."